Yadda Injiniya Ya Kashe Ƙarar Rufin Motar Likita

Tun da maigidana ya ajiye aiki, duk wani abu mai noti a jikinsa bai sake samun kwanciyar hankali a gidanmu ba. Ya gyara fankar falo, yanzu sai an tura ta da sanda take tashi. Ya gyara dutsen guga, yanzu kafin in taɓa shi sai na sa silifas na yi addu'a. Shekara ashirin da shida ya yi a siton wani kamfanin sayar da kayan mota, aikinsa miƙo kwali da mayar da kwali, amma in ka ji shi a bencin ƙofar kanti sai ka rantse shi ya ƙera motar farko a duniya. Mutanen layinmu Injiniya suke ce masa. Su tsokana suke yi, shi kuwa har da amsawa da “na'am”.

Ranar Alhamis da yamma ina kan keken ɗinkina sai na ji hon a ƙofar gida. Na leƙa, sai ga babbar 'yata a cikin wata jar mota 'yar ƙarama, kujera biyu kacal, sai sheƙi take. Gabana ya faɗi. Ni duk abin da ya cika kyau in ya shigo gidana gabana faɗuwa yake.

Yarinyar nan sakatariya ce a wani ƙaramin asibiti. Shekara biyu ta yi tana yawo da takardu kafin ta samu aikin, kuma gwaji aka ɗauke ta na wata uku. Ranar Litinin wata ukun ke cika, ranar ce Likita mai asibitin za ta sa hannu a takardarta ko ta ce mata ta gode.

“Motar wa kika ɗauko mana?” na ce.

“Ta Likita ce, Mama. Ta yi tafiya, sai Litinin. Rufin ne ke damun ta da ƙara, ta ce in kai gareji. Na je na tarar sun tashi.”

Ashe irin motar nan ce da ake cire mata rufi kamar murfin tukunya. Ƙugiya huɗu ke riƙe da shi daga ciki, biyu gaba biyu baya, sai roba da ta zagaye bakinsa.

Ban ji fitowar Malam ba. Sai ganin sa na yi yana zagaya motar, hannu a baya, yana gyaɗa kai kamar ya haɗu da tsohon abokinsa.

“Gobe kina da aiki,” ya ce mata. “Kawo makullin, ni zan kai.”

“Baba, gareji fa ta ce.”

“To ni kasuwar kaji na ce zan kai ta?”

Ta dube ni, na dube ta. Ta miƙa masa makullin kamar mai miƙa jaririnta ga baƙo.

Washegari tana fita ya sa rigar aikinsa, wadda aljihunta ya fi rigar yawa.

“Malam, garejin fa?”

“Wane gareji? Yaran nan da ba su san hagu da dama ba? Ni zan kashe ƙarar nan da hannuna. Ranar Litinin Likita za ta tambayi wanda ya yi aikin, a ce mata uban sakatariyarta ne. Ba tabbatar da yarinyar nan kaɗai za ta yi ba, har ofis za ta sauya mata. Shiga mu je.”

“Ina?”

“Sai an ji ciwo ake ba da magani. Ke ce kunnena.”

Ya miƙo mini mazurarin da nake ɗura kananzir da shi, wai in kafa tsinin a kunne in riƙa bin rufin da bakin. Haka muka fita layi, ni mace mai jikoki a hanya, da mazurari a kunne. Maƙwabciyarmu Maman 'Yan Biyu tana shanya, ta saki zanen da ke hannunta.

“Maƙwabciya, lafiya? Man kunne ake ɗura miki?”

“Ki yi mana addu'a kawai,” na ce.

Muna hawa hanyar da ke da gargada rufin ya fara. Ƙara biyu ce. Ɗaya ƙwar-ƙwar-ƙwar, kamar cokali a cikin kwano. Ɗaya ƙii-ƙii, kamar sabon takalmi. Ni kuwa shekara talatin ina zaune da keken ɗinki, in ya fara surutu ba mazurari nake nema ba, yatsa nake ɗorawa wuri-wuri har in ji inda ya yi shiru. Na ajiye mazurarin, na miƙa hannu na danna ƙugiyar baya ta hagu. Ƙwar-ƙwar ta ɗauke. Na saki, ta dawo.

“Malam, ga ta nan. Notin wannan ne ya kwance. Ɗayar kuma ina jin ƙura ce a robar.”

Ya yi dariya har motar ta karkace.

“Ke, wannan mota ce, ba siket ba. Mayar da mazurarinki.”

Da muka dawo ya sanar da sakamakon bincikensa a ƙofar kanti, da ƙarfi yadda na ƙarshen layi zai ji. Wai iska ce ta samu wurin zama tsakanin rufi da mota, maganinta a toshe. Ya kira Mai Kanti ya kama masa suka sauke rufin.

“Injiniya, ka taɓa cire irinsa kuwa?” in ji Mai Kanti.

“Ni? Ranar da na cire na farko kai ko tafiya ba ka fara ba.”

“To me ya sa kake ja ta baya alhali ƙugiyar gaba na kulle?”

“Gwada ka nake yi.”

Suka kwantar da rufin a kan katifar ɗakin baƙi. Na shiga ɗora girki, na fito na nemi silifas ɗina, babu. Can na hango su a hannun Malam, ya yanka su siri-siri da almakashin ɗinkina. Ya jera su a bakin rufin, ya bi da salatif, aka mayar, muka sake fita. Ƙwar-ƙwar tana nan. Ƙii-ƙii tana nan. Ga kuma sabuwa, fat-fat-fat, kamar mutum na bin mu da gudu.

“Sun zama uku,” na ce.

“Alamar nasara ce. Ciwo in zai fita sai ya taso gaba ɗaya.”

Da la'asar ya ce robar ƙishi take ji. Na ce a bari in goge ta da ruwan sabulu. Ya ce sabulu na masu wanki ne. Ya shiga kicin ya ɗauko kwalbar man girkina, sabuwa ko buɗe ta ban yi ba, ya bi robar nan ya shayar da ita har tana ɗiga. Sannan ya lulluɓe motar da tamfol.

Yarinyar nan ta dawo a gajiye, ta tsaya tana kallon tamfol ɗin.

“Baba, an kai?”

“An gama komai. Jira ake giris ya kama jikinsa. Kada a buɗe, iska na ɓata aiki.”

Ta juyo gare ni. “Mama?”

Allah ya yafe mini. Na ce mata, “Zo ki ci abinci.” Na ga idonta duk ya faɗa don gajiya, na ce in na gaya mata ba za ta iya aiki gobe ba, in ba ta yi aiki ba kuma shi ke nan. Abincin nan ko loma ban iya kaiwa bakina ba.

Asabar da safe Maman 'Yan Biyu ce ta ƙwanƙwasa mana ƙofa.

“Ku fito ku ga baƙi!”

Kiyashi ne. Layi guda tun daga bakin kwata, sun tsallaka titi, sun hau taya, sun shige ƙarƙashin tamfol, babu mai ture wani. Malam ya yaye tamfol ɗin. Bakin rufin nan baƙi ƙirin, motsi kawai yake.

“Injiniya, waɗannan ma'aikatanka ne?” in ji Mai Kanti. “Ka ce mu kawo musu ruwa mana.”

“Ka ga ingancin mai ke nan,” in ji Malam. “Da jabu ne ko kusa ba za su zo ba.”

Ya ce in an yi gudu iska za ta kwashe su. Ya shiga, ya ja ni na shiga. Ba mu kai kwanar layi ba rana ta gasa rufin, mai ya fara ɗigo masa a hula, ɗis, ɗis, kowane ɗigo da fasinjojinsa. Na ga ya fara murza wuya. Na ga ya saki sitiyari da hannu ɗaya ya cusa a ƙeya. Can sai ya taka birki a tsakiyar titi, ya fito yana tsalle yana tuɓe rigar aikin nan, sifana da filaya suna zubewa. Masu jiran mota a bakin hanya suka ja baya. Wata tsohuwa ta ce a riƙe shi kada ya faɗa wuta.

“Ba komai, motsa jiki nake!” yake ce musu, yana marin cikinsa.

Da muka koma ya juye wa motar gwangwanin maganin sauro guda. Daga nan ta koma wari kamar an yi suya a ɗakin ajiyar magani. Ya yanko soso daga katifar baƙi, ya haɗa da safarsa ƙafa uku, ya ƙara cusawa. Rufin ya yi tudu, ƙugiyoyi suka ƙi kamawa. Ya hau ya zauna a kai wai ya danne, Mai Kanti na jan ƙugiya daga ciki, har ɗaya ta kama da ƙyar. Ƙara kuwa sai abin da ya ƙaru.

Na same shi a bayan gida yana shafa man zafi a wuya.

“Malam, don girman Allah. Aikin yarinyar nan ne fa. Har yanzu gareji na buɗe.”

“In kai musu yanzu su ce su suka gyara? Bayan na yi rabin aikin?”

Ranar Lahadi yarinyar ta tafi asibiti shirya takardun da Likita za ta tarar. Malam ya tashi da fara'a, na san akwai magana.

“Na gano ta,” ya ce. “Ƙarfe ne ke dukan ƙarfe. Ƙugiyoyin nan su ne masu laifi.”

“Ai na ce maka ta baya ta hagu...”

“Ke ɗaya kika ce. Ni na ce duka huɗun. Bambancin mai ilimi ke nan.”

Ya kwance su kaf. Ni ina tsaye a kansa ina tsince notin da yake yarwa, ina ƙulle na kowace ƙugiya daban a ƙyalle, ina zubawa a gwangwanin maɓallaina. Aka ɗora rufin a kan soso da silifas da safa, ya zauna lakadan. Malam ya tara mutanen layi, ya shiga, ya ja motar a hankali kamar mai rakiyar kunkuru, daga ƙofarmu zuwa kanti, daga kanti zuwa ƙofarmu.

Shiru. Wallahi shiru, ko ƙis.

Mai Kanti ya cire hula ya sosa kai. Maman 'Yan Biyu ta tafa hannu. Malam ya fito yana ɗaga wa mutane hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

“To Malam,” na ce a hankali, “yanzu me ke riƙe da rufin?”

Ya nuna kansa da yatsa. “Ilimi.”

Litinin tun da sassafe yarinyar ta nemi makulli. Ya ce ta yi gaba, shi zai kawo da kansa ƙarfe tara, don akwai bayanin da sai masani zai yi wa Likita. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa taro, ya fesa turare. Ni ma ya ce in shirya, a samu shaida. Na sa mayafi, na ɗauki jakata. Har na kai ƙofa na dawo na jefa gwangwanin maɓallan a ciki, da ɗan sukurudireban kekena. Ban san me zan yi da su ba. Ni dai ko asibiti za ni sai na tafi da allura da zare.

A cikin layi lafiya lau. Muna hawa babban titi ya ƙara wuta. Sai na ga haske siriri ya bayyana a saman gilashin gaba, ya rufe, ya sake bayyana.

“Malam, rufin nan numfashi yake.”

“Sabawa yake da hanya.”

Wata babbar mota ta wuce mu, rufin ya ɗaga har na hango gajimare. Na yi salati na cafke mariƙin da ke jikin rufin da hannu biyu, na rataya da dukan nauyina. Safa ɗaya ta fice ta baya. Wani mai babur ya jero da mu yana nuna sama yana ihu.

“Ka gani?” in ji Malam. “Har an fara yabawa.” Ya ɗaga masa hannu.

Haka na yi tafiyar minti ashirin a rataye. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Da muka hango ƙofar asibitin, mutane cike. Marasa lafiya a kan benci suna jiran kati, ma'aikatan jinya biyu, maigadi, ga Likita ta sauko daga tasi ke nan, doguwar mace mai tabarau. 'Yata na gefenta rungume da fayil.

“Yanzu za ki ga shiga,” in ji Malam.

Ya danna hon sau uku, ya taka mai. Yana kallon Likita yana murmushi, bai ga tudun da aka yi a bakin ƙofa don rage gudu ba. Ni na gani. Na buɗe baki, kafin in ce “Malam” mun hau shi. Ya daka birki da ƙafa biyu.

Motar ta tsaya. Rufin bai tsaya ba.

Ya zare daga hannuna, ya kwashe hular Malam, ya sulala ta kan gilashi, ya bi ta hancin motar, ya faɗa kan ciyawa, ya ci gaba da tafiya shuuu kamar faranti a kan tebur, bai tsaya ko'ina ba sai gaban takalmin Likita. Sannan kayan ciki suka fara sauka. Soso. Yankakken silifas. Safa ɗaya ta sauka a kafaɗar maigadi. Ni kuwa ina zaune a fili, rana na duka na, hannuwana biyu a sama ban sauke ba.

Wani tsoho da aka kawo da ciwon baya ya fara dariya yana cewa wayyo, yana dariya yana wayyo. Daga nan benci gaba ɗaya ya ɗauka.

Malam ya fito, ya gyara babbar riga, kai babu hula.

“Ranki ya daɗe, barka da dawowa. Kamar yadda kika gani, yanzu ko ɗagawa ba sai kin yi ba. Da kansa yake sauka.”

Likita ba ta dube shi ba. Ta sunkuya ta ɗauki guntun silifas da yatsa biyu, ta shinshina iska, ta juya ga 'yata.

“Wane gareji kika kai?”

Yarinyar nan ta ƙanƙame fayil ɗinta. Ta dubi ubanta, ta dube ni, ta sunkuyar da kai.

“Ban kai ba, Likita. Ni kika ba makulli. Laifina ne.”

Ban san lokacin da na fito daga motar ba. Na je na tsaya a gaban Likita.

“Likita, ni ce uwarta. Ba ta san komai ba. Ubanta ne wancan, shi ya yi, ni kuma na gani na yi shiru. Ki ba ni bokitin ruwa da sabulu da rabin awa. In bai yi ba, ki yi abin da kika ga dama da mu.”

“Ke makanikiya ce?”

“Tela ce.”

“Ranki ya daɗe, kada ki biye mata,” in ji Malam, “siket kawai...”

“Bawan Allah,” in ji Likita, “je ka zauna a bencin can. In an zo kanka za a kira ka.”

Ya tafi ya zauna kusa da mai ciwon baya.

Na ɗaure mayafina a ƙugu. Ni da 'yata muka ɓamɓare salatif, muka wanke robar nan sau uku har ta daina santsi, muka goge ta ta bushe. Na zazzage gwangwanin maɓallai a kan kujera, na kwance ƙyallayena, na mayar da kowace ƙugiya gurbinta yadda na ga an cire. Da na zo kan ta baya ta hagu na ƙara mata murɗa ɗaya da rabi. Maigadi da ma'aikacin jinya suka ɗora rufin. Ƙugiya huɗu, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Likita ta karɓi makulli ta ce in shiga. Ta hau tudun nan ta sauka, ta zagaya ta bi gargadar bayan asibiti, ta dawo ta sake hawa tudun. Na kasa kunne. Babu ƙwar-ƙwar. Babu ƙii-ƙii. Sai warin suya.

“Wata takwas ina jin ƙarar nan,” ta ce. “Mene ne?”

“Noti ɗaya ne, Likita. Da ƙura.”

Ta cire tabarau ta goge ido. Sai a lokacin na gane dariya take dannewa tun ɗazu.

Da muka tsaya ta karɓi fayil daga hannun 'yata, ta zaro takardar, ta ɗora a kan rufin, ta sa hannu.

“Wadda ta ɗauki laifin ubanta a gaban mutane ba za ta ɓoye mini kuskuren fayil ba,” ta ce. “Amma makullina ba za ki sake ba kowa ba.” Ta juya ga maigadi ta nuna Malam. “Ka ga mutumin nan? In ba shi da lafiya ka bar shi ya shigo. Amma ka fara caje aljihunsa.”

A motar haya muka koma gida. Ko mayafi ban gama cirewa ba na jiyo shi a bencin kanti.

“Ba don soson da na sa ba, da rufin nan ya tarwatse. Likita da kanta ta ce in zauna in huta, ɗaliba ta ƙarasa. Shekara talatin ina koya wa matar nan aiki.”

“To hularka fa, Injiniya?”

“Na bar musu tukwici.”

Da la'asar iska ta taso. Na fito kwashe shanya, na same shi tsaye a tsakar gida, hannu a baya, ya ɗaga kai yana kallon kwanon ɗakinmu, yana gyaɗa kai a hankali.

“Kina jin wata 'yar ƙara kuwa a sama?”

“Ban ji ba.”

“Ina tsanin nan namu?”

Tsanin yana gidan Maman 'Yan Biyu, ƙarƙashin gadonta. Tun da azahar muka kai shi ni da ita.